An gayyace ni haɗakar ƙera injin matsar gyaɗa: ta ina asara take shigowa?

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfanin matsar man gyaɗa a Gombe, ma'aikatana goma sha huɗu. Wasu malaman jami'a sun zo mini da maganar wata haɗaka: jami'a ɗaya, kwalejin fasaha ɗaya, masu walda uku da kamfanoni huɗu irin nawa. Za a haɗu a ƙera injin suya da matsa wanda zai riƙa aiki da ɓawon gyaɗa da sola maimakon dizal. Akwai masu ba da tallafi. Ni ana so in ba da wuri a kamfanina, da gyaɗar gwaji, da wani abu na kuɗi, in kuma buɗe musu littafin lissafina. Raina yana son abin, amma ina tsoro. Ta ina asara take shigowa a irin wannan aiki, kuma yaya ake tare ta?

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ni injiniya ne, na daɗe ina koyarwa a nan Bauchi, kuma na zauna cikin irin wannan haɗaka har sau uku, a ɗaya daga ciki ni na riƙe ragama. Tsoronki yana kan hanya. Duk da haka ina so ki shiga, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane mai inji ya san abin da makamashi yake yi wa ribarsa, ga ɓawon gyaɗa tuli a bayan kowane kamfani ana rasa yadda za a yi da shi. Sai dai akwai magana da ya kamata a gama kafin ki buɗe musu ƙofa.

Yawancin mutane abin da suke tsoro shi ne injin ya ƙi aiki. Wannan shi ne ƙaramin haɗarin, domin kowa ya san da shi tun farko. Da an tabbata injin zai yi aiki, ai da ba a kira abin bincike ba, da an je kasuwa an saya. Abin da na ga yana wargaza haɗaka shi ne a fara aiki ba a faɗi wanda zai ɗauki asara in ta zo ba. Asarar da ba a yanka wa gida ba kuwa gangarawa take yi kamar ruwa, ta tsaya a wurin da ya fi kwari. Malami albashinsa yana tafiya ko injin ya tashi ko bai tashi ba. Masu tallafi sun riga sun sa faɗuwar wasu ayyuka a lissafinsu. Wanda ya rage a kwarin shi ne ke da mai walda: ke da kika tsayar da layin matsarki kika zuba gyaɗa, shi da ya ci bashin ƙarfe a kasuwa da sunan za a biya shi ƙarshen wata.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. A babin ƙiradi na littattafan fiƙihu, wato abin da bankunan Musulunci suke kira mudaraba, an fayyace tun kafin a fara cewa in an yi asara ba da sakaci ba, mai dukiya ya rasa dukiyarsa, mai aiki ya rasa wahalarsa, riba kuma a raba bisa kason da aka ambata a farko. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Don haka in wani ya ce miki neman rubutu rashin yarda ne, ki san amsar da za ki ba shi. Ana rubutu ne lokacin da ake ɗasawa, domin in rai ya ɓaci kowa abin da ya fi masa daɗi yake tunawa.

Bari in fara da lokaci, domin ta nan ɓaraka take fara shigowa. Ku da kuke cikin haɗakar nan ba agogo ɗaya kuke dubawa ba. Jami'a tana tafiya da zangon karatu, da jarrabawa, da zaman kwamiti. Ga kuma yajin aiki: ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta yi kusan wata tara tana yaji a 2020, ta kuma yin wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa tsakiyar Oktoba. Duk aikin da injinsa yake kulle a bita ta cikin makaranta a lokacin, a nan ya kwana. Masu tallafi kuma kashi-kashi suke sakin kuɗi, ba sa ba da na biyu sai an kawo rahoto da rasit na farko. Ke agogonki kaka ce. Gyaɗa tana araha daga Oktoba zuwa Disamba, a lokacin ne kike cika sito, a lokacin ne kuma injinki ba ya hutawa. In aka ce gwaji a Nuwamba, jinkiri ya kai shi Afrilu, gyaɗar gwajin ta ƙara kuɗi, bushewarta ta canza, sakamakon ma ba zai gaya miki yadda injin zai yi da sabuwar gyaɗa ba. Mai walda kuwa agogonsa na yini ne, cefanen gidansa daga aikin ranar yake fitowa.

Maganin wannan mai sauƙi ne in aka yi shi da wuri. A ƙera injin a shagon mai walda ko a wani wuri a gari da kowa zai iya shiga, zane-zanen kuma a ajiye kwafinsu a hannun mutum fiye da ɗaya. A rubuta ranakun gwaji bisa kalandar gyaɗa, a ce in an wuce rana kaza ba a kawo injin ba, wurin da kika ware ya koma hannunki har kaka mai zuwa. Masu walda kuma a biya su kafin alƙalami na kuɗin ƙarfe, kada a bar su su ɗauki bashi a madadin jami'a.

Sai kuɗi. Ki tambayi abu uku a zama na gaba: a wane asusu kuɗin tallafin zai zauna, sa hannun mutum nawa ake buƙata kafin a fitar da shi, kuma kwana nawa hakan yake ɗauka a aikace. Makarantun gwamnatin tarayya suna ƙarƙashin dokar sayen kaya ta 2007 da ƙa'idojin kuɗi na gwamnati, kuma waɗannan an yi su ne don tsare dukiyar jama'a, ba don gaggawa ba. Boris ɗaya da mai walda zai saya a Babbar Kasuwar Gombe cikin minti goma yana iya cin makonni a takarda. A haɗakar da na riƙe, abin da ya cece mu shi ne ƙaramin asusun kashe-kashen yau da kullum da masu tallafi suka amince da shi tun farko, da sa hannun mutum biyu, ɗaya daga makaranta ɗaya daga 'yan kasuwa, ana kawo rasit duk wata.

Babban haɗarin kuɗi kuwa shi ne canji. A farkon Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk kasafin da aka rubuta kafin wannan, mai ɗauke da allunan sola, da inbata, da batir, da na'urorin auna zafi, ya zama takarda kawai. Mu mutanen Bauchi mun ga irin wannan da idonmu. Kamfanin Steyr da aka kafa a nan a shekarun 1970 tare da Turawan Ostiriya yana harhaɗa taraktoci da manyan motoci, amma yawancin sassan daga waje ake kawo su. Da kuɗin waje ya yi wuya a shekarun 1980, naira ta faɗi bayan shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki na 1986, wato SAP, shi da takwarorinsa na Kano da Ibadan da Legas duk suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Darasin da ya shafe ki shi ne ki nemi a ba ki jerin kayan injin, a nuna miki wanne ake samu a Gombe ko Kano ko Panteka ta Kaduna, wanne ne sai an yi oda daga Caina. Na odar a saye su da kashin farko na kuɗi, kada a jira. In kuma akwai wani sashe da in ya lalace sai an jira jirgin ruwa, to a sake zane tun yanzu. A ware wani kaso na ko-ta-kwana a kasafin. Ni ba na sa hannu a kan wanda bai kai kashi 15 cikin ɗari ba.

Naki kuɗin kuma kada ki zuba shi gaba ɗaya. Ki raba shi bisa matakai, kowane mataki da abin da za a gani da ido kafin a wuce. Masu wannan sana'a a duniya suna auna nunar fasaha da matakai tara, ma'aunin da ya samo asali daga hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA. Na ɗaya tunani ne a takarda, na huɗu abu ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje, na bakwai an gwada shi a inda zai yi aiki na gaskiya, na tara yana aiki a kasuwa. Yawancin injinan da ake nunawa a bikin baje kolin makarantunmu suna tsakanin na uku da na huɗu. Sun yi aiki na minti ashirin a gaban baƙi, da gyaɗa tsintacciya wadda ɗalibi ya zauna ya tsince. Kamfaninki kuwa na takwas ko na tara yake buƙata: awa goma a rana, da gyaɗar kasuwar Tudun Hatsi mai tsakuwa da ƙasa, da ƙurar hunturu a kan allon sola, da zafin Afrilu, da yaron da jiya aka koya masa kunna inji. Tsakanin na huɗu da na bakwai nan ne kuɗi yake ƙarewa, nan ne kuma sha'awar malami take raguwa, domin abin da zai rubuta a mujalla ya riga ya samu. Ki tambaye su kai tsaye a mataki na nawa suke, kuma tallafin zai kai su na nawa. In suka ce tallafin a na biyar zai tsaya, ki san cewa sauran tafiyar aljihunku ake hange.

A kan gwaji a kamfaninki, abu ɗaya ba na sassauci a kansa: kada a cire tsohon injinki. Sabon ya zauna a gefe, da nasa layin wuta da nasa makashi, har sai ya ci jarrabawa. Jarrabawar kuma a rubuta ta da lamba kafin a fara. Ki auna naki injin na mako biyu tukuna: buhu nawa yake ci a awa, lita nawa yake bayarwa a buhu, dizal nawa yake sha, sau nawa yake tsayawa. Gyaɗa kusan rabin nauyinta mai ne, kuma duk abin da injin bai matso ba a cikin tunkuza yake tafiya, ki sayar da shi a farashin abincin dabbobi. Injin da ya rage miki kuɗin dizal amma ya bar mai a tunkuza yana iya zama asara a ɓoye. Sai ku ce, misali, sabon zai ci jarrabawa ne in ya yi kwana talatin a jere, man da yake bayarwa bai gaza na tsohon ba, kuɗin makamashi ya ragu da kaso kaza. Gyaɗar da ta ƙone ko ta lalace a gwaji kuma a sa mata farashi, a lissafa ta cikin gudunmawarki ko a biya ki. Haka wuri, da wuta, da lokacin ma'aikatanki. Na sha ganin an rubuta gudunmawar jami'a dalla-dalla har da kuɗin amfani da ɗakin gwaje-gwaje, ta ɗan kasuwa kuwa a ce “zai ba da haɗin kai”. Abin da ba a sa masa farashi ba, ranar rabon riba ba a tuna shi.

Kada kuma a manta abinci kike sayarwa. Lambar NAFDAC da ke jikin jarkarki taki ce, in mai ya fita da matsala ba wanda zai nemi jami'a. Duk inda gyaɗa ko mai zai taɓa ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa, irin wanda ake kira 304, ba falankin bakin ƙarfe da aka shafa wa fenti ba, kuma ba tsohuwar ganga da ba a san abin da ta taɓa ɗauka ba. Hayaƙin ɓawo kada ya haɗu da gyaɗar da ake soyawa. Wuta a gefe guda, zafi ne kawai zai ratsa. Sannan akwai gubar afalatoksin da fumfuna yake haifarwa a gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, wadda take taɓa hanta, kuma suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Tunda akwai ɗakin gwaje-gwaje a haɗakar, ki sa awon gubar nan cikin abin da za su yi miki, wannan riba ce tun kafin injin ya tashi. Man da aka matsa a makonnin farko na gwaji kada ya shiga kasuwa da sunanki sai an auna shi.

Wuta da rauni kuma magana ce ta rai. Murhun ɓawo a kusa da tankin mai da tarin buhuna ba abin wasa ba ne. Bel da fulin da suke juya injin duk a rufe su. In kina da inshora, ki sanar da su a rubuce cewa za a kafa injin gwaji, don kada gobara ta tashi su ce ba su san da shi ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take kula da ita, ta ɗora wa mai kamfani biyan kashi 1 cikin ɗari na albashin ma'aikatansa. To ɗalibin da ya zo daga makaranta ya sa hannu a inji a harabarki, wa ke da alhakinsa? A rubuta cewa makarantarsa ce.

Yanzu ga wurin da na fi so ki natsu, wato mallakar abin da aka ƙirƙira. Dokar da take aiki a Najeriya a kan wannan ita ce ta 1970. Tana ba mai ƙirƙira kariya ta shekara 20 daga ranar da ya shigar da takarda, muddin yana biyan kuɗin shekara-shekara. Abubuwa uku a cikinta sun shafe ki. Na farko, haƙƙin yana tafiya ne ga wanda ya riga shigar da takarda a ofishin rajista da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci. Na biyu, abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a cikin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne, abin da aka ƙirƙira a kan kwangila kuma na wanda ya ba da kwangilar ne. Ma'ana, alkawarin da malami ya yi miki da baki cewa “ai injin namu ne gaba ɗaya” ba ya ɗaure jami'a, domin ba shi ne mai abin ba. Wanda zai sa hannu ya zama mai ikon ɗaure makarantar, magatakarda ko shugabanta. Hukumar NOTAP, mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, ta taimaka wa makarantu da dama sun buɗe ofishin kula da mallakar fasaha. Ki tambaya ko suna da shi, ki nemi ganin manufarsu a rubuce. Haka nan mai waldan da aka biya ya ƙera, in ya gano wata dabara a cikin aikin, doka tana iya miƙa ta ga wanda ya biya shi. Na uku, abin da aka riga aka bayyana wa jama'a ba sabo ba ne a idon doka. Malami kuwa ƙarin girmansa yana rataye ne a kan wallafa bincike, ɗalibi ma sai ya kare kundinsa a gaban jama'a. Ba mugunta ba ce, tsarin aikinsu ke nan. Amma takarda ɗaya a mujalla, ko bidiyo ɗaya a Facebook da ya nuna cikin injin, yana iya rushe kariyar. Sai a yi ƙa'ida: duk wanda zai wallafa wani abu ya turo wa sauran kwana 60 kafin nan, in akwai abin da za a yi wa rajista a yi, sannan ya wallafa. Kada kuma a hana shi wallafawa kwata-kwata, in kika toshe masa wannan hanya kin cire masa dalilin zama a haɗakar.

Zan faɗa miki abin da lauya ba lallai ya faɗa ba. Injin da ya yi kyau a ƙasar nan, kafin shekara ta zagayo wani ya kwance shi ya auna ya ƙera irinsa, kuma bin sa kotu ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin kamfani. Don haka kada ki ɓata ƙarfinki wajen faɗa a kan sunan wa zai hau takardar mallaka. Abin da zai amfane ki shi ne a rubuta miki izinin amfani da fasahar a kamfaninki har abada ba tare da biyan ko kwabo ba, ko da kin fita daga haɗakar bayan kin cika alkawarinki. A rubuta cewa injin gwajin da ke harabarki zai zama naki, ko ki saye shi a farashin da aka yanka tun yanzu. A ba ku, ku kamfanoni huɗun, shekara ɗaya ko ɗaya da rabi kafin a fara sayar wa wasu masu matsa a Gombe da Bauchi. A ba ki kwafin zane da jerin kaya, don kowane ƙwararren mai walda ya iya gyara miki. Sannan kowa ya lissafa abin da ya zo da shi daga gida kafin a fara. In kina da wata dabara ta suya ko ta tacewa da ta sa manki ya fi na wasu ƙamshi, a rubuta cewa taki ce, ba ta shiga tukunyar haɗaka ba.

Wannan ya kawo mu littafin lissafinki. Sauran kamfanoni ukun abokan aiki ne a teburin haɗaka, amma a kasuwa kishiyoyinki ne, dillalai ɗaya kuke nema. Masu bincike suna buƙatar yawan dizal da wutar da kike sha, da yawan gyaɗa da mai, da awannin aiki. Ba sa buƙatar sunayen masu saye a wurinki, ko farashin da kike ba kowa, ko inda kike saro gyaɗa. Ki ba da na farkon a takarda dabam ga mutum ɗaya da aka ambata da suna, wanda ya sa hannu a kan riƙe sirri, a rahoto kuma a sa wa kamfanoni lamba maimakon suna. Littafin kansa ya zauna a ofishinki.

Akwai wani haɗari da ba na mantawa da shi, domin ya same mu. A haɗakar da na riƙe muna ƙera injin busar da hatsi, kuma kusan duk lissafin zafi da iska yana kan wani matashin malami mai hazaƙa. Ana tsakiyar aiki ya sami gurbin karatun digirin digirgir a waje. Mun yi masa murna, haƙƙinsa ne. Bayan ya tafi muka gane cewa rabin aikin a kansa yake, sauran rabin a kwamfutarsa. Mai waldan da yake aiki da shi, dattijo ne da ya yi shekara talatin yana sana'a, ya riga ya yanka falanki bisa awon da aka ba shi da baki, da kuɗinsa. Wata biyar muka yi muna sake lissafi. Kuɗin dattijon nan sai da muka yi karo-karo a tsakaninmu muka biya, domin babu layi a kasafi da ya san da shi. Bai yi mana faɗa ba, amma da aka zo haɗaka ta gaba ya ce a yi haƙuri da shi, kuma har yau ina jin ciwon rashinsa. Tun daga nan na sa ƙa'ida: kowane muhimmin aiki mutum biyu ne suka san shi, duk awo a takarda yake da kwanan wata, duk canji a zane sai mai walda da injiniya sun sa hannu tare.

Tafiyar da haɗakar ba ta buƙatar dogon tsari. Mutum ɗaya ya zama jagora wanda za a kama in abu ya tsaya. Kwamiti ƙarami, kuma ku 'yan kasuwa da masu walda ku sami ƙuri'a a ciki, ba kujerar saurare kawai ba. A yi zaman da Hausa, ko aƙalla a fassara abin da aka yanke, domin na ga ƙwararrun maƙera sun yi shiru a taro saboda Turanci alhali su ne suka hango inda injin zai karye. A riƙe takarda ɗaya ta abubuwan da ake tsoro: mene ne, wa ke sa masa ido, wace alama ce za ta nuna ya kusa, me za a yi. A buɗe ta a farkon kowane zama na wata. A cikinta har da wuta: layin JED, kamfanin rarraba wutar lantarki na Jos, shi ne yake ba Bauchi da Gombe, kuma a Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi kwanaki a duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. Masu walda ba sa aiki sai da wuta, don haka kuɗin janareta ya shiga kasafi. Abin da aka yanke a WhatsApp kuma a mayar da shi takarda a zama na gaba.

Ƙasashen da suka yi nisa ma da haka suke yi. Cibiyoyin Fraunhofer na Jamus, da aka kafa a 1949, suna samun wani kaso na kuɗinsu daga gwamnati, wani daga kwangilar kamfanoni, don kasadar matakin farko kada ta faɗa kan kamfani shi kaɗai, malamai kuma kada su ƙera abin da ba mai saye. A nan gida akwai asusun bincike na TETFund mai tallafa wa manyan makarantu, da hukumar RMRDC mai kula da albarkatun masana'antu, da cibiyar NCAM ta Ilorin da take gwada injinan noma. Gwaji daga irin wannan cibiya, wadda ba ta cikin haɗakarku, yana da amfani ranar da malamai suka ce injin ya yi, ke kuma kika ce bai yi ba.

Saura ƙofar fita. Ki nemi a rubuta yadda mutum zai janye: sanarwar kwana nawa, me zai tafi da shi, me zai bari. A rubuta abin da zai sa a tsayar da aikin gaba ɗaya, misali in an faɗi jarrabawa sau biyu a mataki ɗaya, da yadda za a raba kayan da suka rage, allunan sola da batir musamman, domin su ne masu tsada kuma su ake rigima a kansu. In saɓani ya taso a fara da sulhu a hannun wani dattijo da kowa ya yarda da shi, a ambaci muƙaminsa tun yanzu, kotu ta zama ta ƙarshe. Takardar fahimtar juna mai shafi biyu da ake sa wa hannu a gaban 'yan jarida yawanci ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka ki nemi cikakkiyar yarjejeniya, ki kai wa lauyan da ya saba da harkar kamfanoni, kuɗinsa bai kai na buhunan gyaɗar da za ki zuba a gwaji ba. Kafin nan, ki kira sauran masu kamfanoni ukun da masu waldan ku zauna ku kaɗai, ku fitar da buƙatunku a takarda ɗaya. In Allah ya kai mu, ki fara auna tsohon injinki daga Litinin mai zuwa, domin lambobin nan su za ki riƙe a hannu ranar zaman.